Shekarar da Na Mayar da Wasiƙata

Da sunan Allah nake farawa, Shi da ya ara mini kwanaki har na ga jikokina sun yi gemu. Rabi, ke kika riƙe alƙalami, to ki rubuta yadda ya fito daga bakina, kada ki gyara mini komai don ki rufa mini asiri. Ni ban san ko bihim ba, amma na san abin da idona ya gani. Ranar sunan ɗiyar ɗana Sani na ji ku a tsakar gida, kuna tsammani barci ya ɗauke ni, kuna cewa ubanku ne ya kori yayanku, ya toshe masa hanyar gida har ƙasa ta rufe masa ido a garin da ba mu sani ba. Akwai gaskiya a maganar, amma rabi ce. Ɗaya rabin yana hannuna, kuma ba na so in shiga kabari da shi.

Ku da kuka tashi kuka tarar da waya a aljihun kowa ba za ku gane abin da ubanku yake a garin nan ba. Malam Haladu manomi ne kamar kowa, auduga da dawa da ɗan barkono, sai dai ya yi ajin yaƙi da jahilci ya iya boko, hannunsa kuma yana da kyau. Lokacin da samari suka fara watsuwa, wasu soja, wasu masaƙa a Kaduna, wasu kurmi, sai ya kama akwati ɗaya a gidan waya na Funtua, dukan garin nan da ƙauyukan da ke kewaye da mu suka rataya a kan lambar nan guda. Makullin yana wuyansa da igiyar fata, tare da layarsa. Litinin da Alhamis yakan hau keke bayan asuba, ya dawo kafin azahar da jaka a bayansa.

Yana da wani babban littafi mai baƙin bango. Gaban littafin sunayen mutanen gida ne, duk wanda ya yarda a aiko masa ta akwatinmu, da sunan ubansa da unguwarsa, don Musa ya fi goma a garin nan. Bayan littafin kuma na matafiya ne, kowa da inda yake. In soja ya tashi daga wannan bariki zuwa wancan, Malam ya gyara. In mutum ya mutu, ya ja masa jan layi ya yi masa addu'a. Kuma yana da doka ɗaya da ba ya karyawa ko don dagaci: wasiƙar da ta zo da sunan da ba ya cikin littafi, komawa take inda ta fito. Yakan ce shi ba ya ba da amanar wani da ƙila-wa-ƙala.

Aikina ni shi ne ƙorai. Ina da ƙwarya biyar da nake jerawa a tabarma: ta cikin gari, ta Unguwar Maƙera, ta Gidan Dogo, ta Tudun Kaɗanya, ta ruga. Malam ya karanta suna, ya duba littafi, ya miƙo mini, ni kuma in jefa inda ta dace. Ta ruga, Fulani masu tallar nono ke tafiya da ita. Ta Gidan Dogo, mahauci. Ta matan kulle kuwa ni ke shiga da ƙafata in kai, in zauna a faɗa mini amsa, in haddace, in zo in zube wa Malam ya rubuta. Na ɗauki sirrin matan garin nan a kaina shekara da shekaru, ko ɗaya bai zuba ba. Akwai kuma ƙwarya ta shida, wata tsohuwa da ta tsage na ɗinke. Ita ce ta komawa. Abin da ya faɗa cikinta Malam yakan juya bayansa ya rubuta cewa ba a san mai ita ba, ya sa hannu, ni kuma in ɗaure su da zare in sa masa a jaka.

Yanzu sai yayanku. Kun san sunansa, ba sai na faɗa ba, ban taɓa faɗa ba. Ɗan fari ne, a zamaninmu kuwa uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta kallonsa a gaban mutane, ba ta tambayar ko ya ci. Da aka yaye shi kakarsa ta ɗauke shi, shi ya sa nake ce masa Ɗan Tsohuwa. Ya tashi da kai, ya yi firamare a Tsiga, ya fi ubansa saurin karatu, har Malam ya fara ba shi makulli ranar da aikin gona ya yi yawa. Kowa ya san shi zai gaji littafin.

Sai ya so wata yarinya, Lami ɗiyar maƙeri. Akwai kuma wani soja ɗan unguwarsu da ke aiko wa uban yarinyar wasiƙa yana neman ta. Ɗan Tsohuwa ya gane hannun sojan. Ya kara ta farko a bakin buta, tururi ya ɓamɓare ta, ya karanta, ya cusa a jinkar rumbu. Haka ta biyu, haka ta uku. Da soja ya zo hutu ya tsaya a zaurenmu da kakinsa yana tambayar ina wasiƙunsa, Malam ya rantse da Allah bai ga ko ɗaya ba. Kafin la'asar aka zaro su daga jinka, gara ta fara ci.

Ina cikin gida ina jin muryar ubanku daga zaure, ban taɓa jin ta haka ba.

"Ka sa na rantse a kan ƙarya. Wanda ya buɗe wasiƙar wani, ai makewayin mutane ya leƙa. Kawo makullin."

Ya buɗe littafi a gaban maƙeri da soja da duk wanda ya taru, ya ja wa sunan ɗansa jan layi, irin wanda ake ja wa matattu.

Da hantsi washegari ina daka, na ji tsayuwarsa a bayana. Na san ƙafarsa.

"Iya, zan tafi."

Facalolina biyu suna zaune suna tsince wake, idonsu a kaina. Ban juya ba. Na ce, "Allah ya tsare hanya," na ci gaba da luguden taɓarya. Abin da na ba shi ke nan na guzuri.

Damina biyu ta wuce ba labari. Matan gari suna yabona, wai 'Yar Danja akwai kara, ɗa ya ɓace ko sau ɗaya ba a ji ta tambaya ba. 'Yar Danja suke ce mini tun ranar da aka kawo ni, har na kusa manta ina da wani suna. Ni kuwa kowace Litinin, kowace Alhamis, in Malam ya zazzage jaka sai in kafa wa bakinsa ido, ko zai ɗan dakata a kan wata, ko fuskarsa za ta canza. Wani lokaci takan canza. Sai ya miƙo mini ya ce, "Ta komawa." In jefa. Ban taɓa cewa ta wace ce ba. Ba a tambayar malami aikinsa, kuma in na tambaya za a ce cigiyar ɗan fari nake.

A damina ta uku kurkunu ya kama ubanku a ƙafar dama, ƙafa ta kumbura kamar turmi, zazzaɓi ya hau kai. Ba keke, ba gona. Mutane suka ce ya ba wani makulli, ya ƙi, tun abin da ya faru bai ƙara yarda da hannun kowa ba. Ranar Litinin ya cire igiyar daga wuyansa ya miƙo mini.

"Ki bi motar Alhaji Bawa. Ki nemi akawu Mista Sande, ki ce ni na aiko ki. Ki ba shi na komawa, ki kwaso na akwati. Kada ki ba kowa riƙo, ko za ki yi alwala."

Ban taɓa shiga gidan waya ba sai ran nan. Ɗaki ne mai sanyi, da kanta mai raga, mutane sun yi layi. Alhaji Bawa mai mota ya biyo ni ciki don zai sayi kan sarki, ya tsaya a bayana, da wasu mutum biyu 'yan Gidan Dogo. Mista Sande mutumin kudu ne amma a Funtua aka haife shi, Hausarsa ta fi tawa. Ya gaishe ni da fara'a, ya tambayi jikin Malam, ya kwance zaren yana dubawa ɗaya bayan ɗaya. Guda huɗu ne. A kan ta ƙarshe ya tsaya.

"Mama, wannan Malam bai sa hannu ba, zazzaɓi ya sa ya manta. Af, ita ce kuma? Kai, mutumin nan na Fatakwal ba ya gajiya. Wannan ta tara ke nan ko ta goma, duk Malam ya dawo da su. Wai duk faɗin garinku babu Sa'adatu?"

Sunana ke nan na yanka. Tun rasuwar mahaifina ba wanda ya kira ni da sunan nan.

"Ga shi an rubuta, Sa'adatu, gidan Malam Haladu. Gidanku ne fa. Bari mu ga mai aikowa."

Ya juya bayanta ya karanta sunan, ƙarara, gaban jama'a. Sunan da ban taɓa furtawa ba. Ina jin numfashin Alhaji Bawa.

Mista Sande ya dube ni, ya sassauta murya.

"Mama, ko kin san ta? In taki ce ki karɓi abarki, ba ruwan kowa."

Ya turo ta ta ƙarƙashin raga har ta taɓa yatsuna. Shuɗiya ce, da ɗan maiƙon man ja a gefe. Rabi, ki rubuta wannan da kyau, don a nan maganar take. Ba wanda ya riƙe mini hannu. Ubanku yana kwance nesa da ni tafiyar rabin yini. Da na naɗe ta a bakin zane, da shi ke nan. Amma ga abin da ya zo mini. In na ce tawa ce, kafin mota ta isa gari kowa ya ji cewa Malam Haladu mai amana ya shekara biyu yana mayar da wasiƙar matarsa, littafin da aka dogara da shi ya zama abin dariya, mutumin kuma yana kwance ba ya iya kare kansa. Sa'an nan a ce an ga 'Yar Danja da furfurarta tana rawar jiki a kan takardar ɗan fari a tsakiyar Funtua. Na ce a raina, wanda ya aiko goma zai aiko ta goma sha ɗaya. Bari in koma gida in gyara abin a cikin ɗaki, ta gaba in karɓe ta da mutunci.

Na tura ta baya.

"Ba ta cikin littafi," na ce.

"To, sai ki sa hannu a madadinsa."

"Ban iya ba."

Ya miƙo mini ɗan kwalin tawada, na dangwala babban yatsana na dama a bayan ambulan, ya yi rubutu a ƙasa, ya jefa ta cikin wani buhu. Alhaji Bawa ya yi gyaran murya ya ce, "Mata irin na da sun ƙare, sai ke." Har muka iso gida ina goge yatsan a zane, tawadar ta ƙi fita.

Na bari sai da ubanku ya sha kunu, ya karanta na akwati daga kwance, na rarraba a ƙorai, yara suka fita. Sa'an nan na zauna a bakin gado.

"Malam, ashe ina da suna?"

Ya kalli rufin ɗaki, ya ce:

"Sande ya yi surutu ke nan."

"Bai san ni ce ba. Me ya sa?"

"Sunanki ba ya cikin littafi."

"Wa ya hana a sa shi?"

"Da na buɗe littafin na ce a raina, wa zai aiko miki? Danginki suna nan Danja, ana haɗuwa a kasuwa."

"To ga shi an samu mai aikowa."

Ya juya fuska bango. Can ya ce ta farko da fushi ya mayar. Ta biyu don ya mayar da ta farko. Daga nan kuma kunya ce, bai san ta inda zai fara gaya mini ba. Na ce to ya ba ni adireshin, ya rubuta masa yau. Ya ce bai kwafa ba. Kwafewa shigarwa ce cikin littafi, shi kuma ya riga ya ja layi a gaban mutane. Sai ya yunƙura ya tambaye ni, da wata irin murya kamar ta yaro, ko na taho da ita. Rabi, ubanku so yake a ce na taho da ita. Da gangan ya bar ta ba sa hannu ko mantuwa ce, har ya mutu ban tambaye shi ba. Na nuna masa yatsana.

A ranar ya sa aka ɗauko littafin, ya rubuta sunana a ƙarƙashin nasa. Ya koma bayan littafi ya sake rubuta na Ɗan Tsohuwa, ya bar wurin adireshi fari.

Muka shiga jira. Ranar Alhamis na koma Funtua da sassafe, buhun ya riga ya tafi. Mista Sande ya ce bai riƙe lambar a kai ba, abin da ya tuna dai akwatin wani ɗan kasuwa ne a Fatakwal. Ƙafar Malam ta warke, ya koma kan kekensa. Litinin ta zo, Alhamis ta zo. Aka cire auduga, aka sake shuka wata. Yanzu in ya dawo ba ya shiga zaure, kai tsaye yake zuwa ƙofar ɗakina ya girgiza kai, sa'an nan a fara aiki. Bayan kaka ya bar wa ƙaninsa gona ya tafi Fatakwal da kansa, ya yi kwana arba'in yana bin zangon Hausawa da mayanka da bakin jirgi. Ya dawo wuyansa kamar na zakara. Gari ne da mutum ke shiga ya narke.

Damina huɗu bayan zuwana Funtua, wata ranar Laraba da la'asar, wani baƙo ya yi sallama. Ya ce sunansa Audu, mutumin Ƙarfi ne, yana sayar da goro a kurmi, ɗaki ɗaya suka zauna da yayanku. Yana ɗauke da akwatin kwano. Da na ga akwatin na san sauran. Malam ya ce a shigo da shi har tsakar gida, ya ce mini in zauna, yau babu wata kara.

Audu ya ce ciwon ciki ne, kwana shida, an yi masa sutura yadda ya kamata, Musulmi sun sallace shi. Ya ce dako yake yi a tashar jirgin ruwa, ba ya shaye-shaye, ba ya faɗa da kowa. Ya buɗe akwatin: riga biyu, agogon da ya tsaya, da tarin ambulan a ɗaure da roba, ba a buɗe ko ɗaya ba. Malam ya tambaye shi me ya sa yaron ya daina rubutu. Mutumin ya dube ni ya sunkuyar da kai. Malam ya ce ya faɗa.

"Duk wadda ta dawo dariya yake yi. Ya ce, wannan hannun Malam ne, na san halinsa, tukunyar ƙarfe ce, za ta huce. Sai ya sayi wani kan sarki. Ranar da wannan mai dangwalen yatsa ta zo, ya kai ta bakin ƙofa wajen haske ya daɗe yana dubawa. Ya ce, Audu, zo ka gani. Ka ga layin nan da ya raba yatsan biyu? Lauje ne ya yanke ta ina yaro. Wannan Iya ce da kanta. Daga ranar bai ƙara zancen gida ba. In na ce mu taho cin kaka, sai ya ce in gaida mutanen Ƙarfi."

Ban yi kuka ba a lokacin. Na ce da Malam ya buɗe ta ya karanta mini, tunda dai tawa ce, sunana kuma yana cikin littafi. Ya tsaga gefen. Gajeriya ce, na haddace ta kamar yadda nake haddace na matan gari.

"Iya, ina gaisuwa. Na san laifina, ban ce a yafe mini yanzu ba. Ina so in zo in taya Malam girbin dawa, ko a zaure in riƙa kwana. Na san ba za ki iya aiko mini da magana ba, ban kuma nemi ki faɗi sunana ga kowa ba. Ki ba wani ya kwafi adireshin da ke baya a kan ambulan, ki aiko shi haka nan, ba komai a ciki. In na gan shi zan taho."

Ubanku bai ƙara hawa keken nan ba. A makon ya kai wa hedimasta littafi da makulli, kafin shekara ta zagayo muka binne shi. Ku kuka ga tsoho mai shiru da ba ya son a ambaci yayanku, kuka yanke masa hukunci. Shi ya ja layi, wannan gaskiya ne, ya kuma mayar da tara. Amma tara ɗin nan ba su karya yaron ba.

Abin da ya nema a wurina ambulan ne wanda ba komai a cikinsa. A ɗakinmu kuwa akwai su kwali guda a kan taga, Malam yana ajiyewa don masu zuwa a yi musu rubutu. Kullum da safe ni ke ɗaga kwalin in share ƙarƙashinsa in mayar.